Wa Ya Ce Tarin Launi Shi Ne Ado?

A hutun da ya wuce mun halarci bukukuwan aure a Ikara da Makarfi da Kudan, kuma abin da muka gani a ɗakunan amare shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Bango ɗaya ruwan hoda, na kusa da shi kore shar, na uku ruwan ɗorawa, labule ja wur, kujeru shuɗɗa, sa'an nan ga wani ƙwan lantarki mai sauya launi kamar motar 'yan sanda. Mutum ya shiga da lafiyarsa, ya fito da ciwon kai. Mata na ta rangaɗa guɗa wai ɗaki ya yi kyau. Mu kam kuɗin raken bana muka gani an shafe a bango, wani uban ma har da bashi.

Kada mu yi saurin zargin iyaye, 'yan'uwa ɗalibai. Mu 'yan boko mu ne muke zaro waya mu nuna wa mai fenti hotunan ɗakunan Dubai da Turkiyya, mu ce haka za a yi wa ƙanwarmu. Mun manta cewa waɗancan ɗakuna suna da manyan tagogi da na'urar sanyi, alhali kuwa namu taga ɗaya ce 'yar ƙarama, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Launi mai duhu shanye haske yake yi. In an ɗauke wuta, ɗakin da aka kashe wa dubbai sai ya koma kogo.

Kakanninmu ba su shiga jami'a ba, amma sun fi mu sanin wannan ilimi. Farar ƙasa suke shafa wa bango, su yi masa gindi da jar ƙasa, a daɓe ƙasan ɗaki da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi duhu yana sheƙi. In ana son ƙari, a ɗan ɗiga shuni. Launi uku ke nan ko huɗu, kuma tun da ƙasa ɗaya ta haife su ba sa faɗa da juna. Ban da haka, sun san inda ya kamata ido ya sauka. Adon ɗakin amarya yana wurin jere ne: ƙore da tasoshi, daga baya langa da kwanonin sha masu furanni. Saboda haka sai bango ya yi shiru domin jere ya yi magana. Yau kuwa bango na ihu, labule na ihu, kujeru na ihu, babu mai sauraren wani.

Wanda yake shakka ya tafi birnin Zariya ya ɗaga kai cikin tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846). Kwarjinin ginin daga bakan gizo da zanen da aka fitar a jikin ƙasa yake, inda haske da inuwa suke yin aikin da muke nema a gwangwanin fenti. Mun san za a ce mana ai ƙofar fadar Zazzau cike take da launuka. Gaskiya ne. Amma ƙofar fada daga nesa ake kallonta, cikin rana, kuma ba wanda yake kwana a jikinta.

To, ƙa'idar ba ta da wuya. A zaɓi launi ɗaya mai haske, fari ko ruwan madara ko ruwan ƙasa mai sauƙi, a ba shi bango duka. Na biyu a bar wa labule da kujeru. Na uku, mai ƙarfin, a sa shi kaɗan kamar gishiri a miya. A dubi kayan amarya tukuna kafin a sayi fenti.

Akwai kuma abin da ya fi ciwon ido muni. Fentin mai da ake lafta wa bangon ƙasa ko danyen siminti yana hana shi fitar da laima, damina ɗaya sai ya kumbura ya soma ɓarewa. Binciken da aka yi kan fentin mai na kasuwannin Nijeriya ya sha nuna dalma a cikinsa, musamman ruwan ɗorawa da ja, watau ainihin launukan da muke rububi. Yaro mai rarrafe kuwa kome ya tsinta baki yake kaiwa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a 2010. Dalma ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ba ta kuma nuna alama da wuri.

Abin kunya, wani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, shi ya bi unguwannin Zariya yana tattara zanen gidajenmu har ya fitar da littafi a 2007. Mu da aka haifa cikin waɗannan gidaje me muka rubuta? Muna kira ga ƙungiyarmu ta tura ɗaliban zane da na tsarin gine-gine zuwa Paki da Gimi da Hunkuyi a hutu mai zuwa, su nemi tsofaffin magina da matan da suka iya daɓe, su tambaye su yadda ake jiƙa makuba da inda ake haƙo farar ƙasa, su rubuta da Hausa, a raba wa masu fenti.