Sulken Yatsa: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Wannan makon darasinmu yana tafin hannunku.

Duk ɗan Gwarzo ko Kabo da ya taɓa kallon hawan sallah ya ga mahaya cikin sulke da kwalkwali, da dawaki sanye da lifidi. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da waɗannan kayan yaƙi. Sulke ya rufe ƙirji, kwalkwali ya rufe kai. To, yatsu fa? Su ke riƙe linzami da takobi, su ne kuma kusa da makamin abokin gaba. Baradenmu sun fake da garkuwa. Maƙeran Turai na wannan zamani kuwa sai suka ƙera wa hannu safar ƙarfe.

A nan wuyar take. Kowane yatsa gaɓa uku gare shi, babban yatsa biyu, ƙarfe kuma ba ya lanƙwasuwa kamar fata. Dabara ta farko ita ce a yanka ƙarfe ƙanana, a jera su wani bisa wani kamar kwanon rufin ɗaki, a kafe su da ƙusa a jikin tsirin fata, sannan a ɗinke a bayan safar fata. Kowane yatsa da nasa. An tono irin waɗannan a Visby ta ƙasar Suwidin, inda aka gwabza yaƙi a 1361. A Janairun 2024 ma masu binciken kayan tarihi sun sanar da gano wata ta hannun dama a Kyburg ta ƙasar Suwizalan. Yatsu na motsi yadda ake so, amma bugu mai ƙarfi kan sauka a kan yatsa ɗaya, ya karya shi.

Bayan 1400 sai dabara ta biyu ta yaɗu, musamman a Italiya: faranti masu faɗi da ke rufe yatsu huɗu a haɗe. Bugu kan watsu a jikin ƙarfen, yatsu su tsira, amma ba dama ka motsa ɗaya ka bar saura. Ka samu kariya, ka rage motsi. Taura biyu ba ta taunuwa, dole maƙeri ya tambayi kansa: wane aiki hannun nan zai yi?

Tambayar ba ta tsufa ba. Da yawanku kuna zuwa shagon walda ko garejin babura bayan an tashi makaranta, kuna aiki hannu tsirara saboda wai safa tana hana riƙe kaya. Gaskiya ne, idan ba ta dace da aikin ba. Walda tana son mai kauri ta fata, kwance noti yana son mara kauri mai kama hannu. A gaban injin da ke juyawa kuwa, safa kan zama haɗari, domin yakan fizge ta har da yatsa. Ku tambayi maigidanku wacce ta dace. Yatsan da ke riƙe biro ranar jarrabawa ba a sayar da shi a kasuwa.

Aikin mako: ku yanka kwali, ku ɗinka a tsohuwar safa, hannun dama da dabara ta farko, hagu da ta biyu. Ku gwada ɗaukar ƙwayar gyaɗa da kowanne, ku rubuto mana abin da kuka gani. Sai mako mai zuwa.