KUJERAR GUSAU DA TSAFE: TA BIRNI CE KO TA ƘAUYE?

Jama'ar Gusau, Tsafe da Bungudu! Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisar ƙofar gida, a kasuwa, a tashar mota. A kuma shiga cikin gida a karanta wa iyayenmu mata, don wannan magana har da su.

Zaɓe ya ƙarato. Duk ƙauyen da muka shiga sai mu ji ana cewa, "Kujerar Majalisar Tarayya ai ta mutanen birni ce. Su ke da yawa, su ke da boko, mu namu tafi ne." To, ɗan'uwa, kasa kunne. Wannan zance ba gaskiya ba ne, kuma mai yaɗa shi so yake ka kwanta a gida ranar zaɓe. Bari mu bi tarihi, don waiwaye adon tafiya.

YADDA MUKA FARO

A zamanin En'e, Gusau da Tsafe da Bunguɗu gundumomi ne cikin Lardin Sakkwato. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, garin ya cika da fatake da kamfanonin sayen gyaɗa da auduga. Wa ya noma gyaɗar? Wa ya tsinci audugar? Kakanninka na ƙauye. Da guminsu birni ya tashi. A 1938 aka aiko Sardauna Ahmadu Bello ya zauna Gusau yana duba gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji su tsai da mutum a ƙauye, waɗannan su taru su zaɓi na gunduma, na gunduma su zaɓi na lardi. Kafin magana ta kai sama, muryar talaka ta ɓace a hanya. A zaɓen tarayya na 1959 kowane namiji baligi ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, wani a akwatin fartanya, wani a akwatin tauraro. Kujeru 312 aka yi takara a ƙasa duka, 174 a Arewa. Amma mata ba a ba su dama ba.

A 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato. A babban zaɓen 1979 matan Arewa suka fito suka jefa ƙuri'a, ɗan shekara 18 ma ya jefa. Majalisar Wakilai tana da kujeru 449 a lokacin, 37 na Jihar Sakkwato ne. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama hedkwata. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, majalisar ta zama mai kujeru 360, Zamfara ta tashi da 7.

Kun gani? Ba a haifi talaka da ƙuri'a a hannu ba. Da kyar aka samo ta, mataki-mataki. Wanda ya yi wasa da ita ya yi wasa da gadon iyayensa.

SAN IYAKARKA

Ga mazaɓun tarayya bakwai na jiharmu: Gusau da Tsafe, Bunguɗu da Maru, Ƙauran Namoda da Birnin Magaji, Shinkafi da Zurmi, Anka da Talatar Mafara, Bakura da Maradun, Gummi da Bukkuyum.

Kai mutumin Tsafe, wakilinka ɗaya da mutumin Tudun Wada da na Sabon Garin Gusau. Kai mutumin Bunguɗu, ko da yake kullum kana cin kasuwar Gusau, a wannan kujera ƙuri'arka ba ta haɗuwa da ta Gusau. Da ta Maru take haɗuwa, har can Ɗansadau. A kujerar Sanata kuwa, Zamfara ta Tsakiya, duka huɗun a kwano ɗaya suke ci: Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Maru. A Majalisar Jiha mai kujeru 24, kowace daga cikin huɗun nan tana da kujeru biyu.

Kada kuma a ruɗe ka da sunan Gusau. Ƙaramar Hukumar Gusau ba birni kaɗai ba ce. Gundumomin zaɓe 11 gare ta, cikinsu akwai Mada, Magami, Wanke, Wonaka, Rijiya da Ruwan Ɓore. Waɗannan ƙasar manoma ce. Ka haɗa su da Bilbis, 'Yankuzo, Ɗanjibga, Keta da 'Yandoton Daji na ƙasar Tsafe, sa'an nan ka gaya mana wa yake da mazaɓar.

In kana son shaida, dubi kujerar Sanata. Sa'idu Ɗansadau ya riƙe ta daga 1999 zuwa 2007. Kabiru Marafa, ɗan 'Yandoto, ya riƙe ta daga 2011 zuwa 2019. Ikira Aliyu Bilbis ya ci ta a 2023. Jam'iyyunsu ba ɗaya ba ne, kuma ba tallar kowa muke yi a nan ba. Abin lura shi ne duka ukun nan tushensu karkara. To, ina zancen kujera ta 'yan birni ce?

RIGA TA YI MANA KAƊAN

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da miliyan 140 a Najeriya. In ka raba su gida 360, kowace kujera za ta tashi da mutum wajen 390,000. A wannan ƙidaya Ƙaramar Hukumar Gusau kaɗai tana da mutum sama da 380,000, Tsafe sama da 260,000. Wato kusan mutum 650,000 a kan kujera ɗaya tak! Bunguɗu da Maru wajen 550,000. Bakura da Maradun kuwa wajen 400,000.

Ba ƙyashin 'yan'uwanmu muke yi ba, nasu rabon daidai yake. Namu ne ya gaza. Tuwon mutum uku aka ajiye wa mutum biyar. Rijiyar burtsatse, ajin makaranta, ɗakin shan magani, duk abin da wakili ya samo, mu sai an raba shi ga jama'a mai yawa ƙwarai. Ga shi tun 2006 an hayayyafa, ga kuma dubban bayin Allah da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyukansu suka tare a Gusau da Tsafe.

Tsarin Mulkin 1999 bai yi shiru ba. Sashe na 72 ya ce mazaɓu su yi kusan daidai wajen yawan jama'a. Sashe na 73 ya ɗora wa Hukumar Zaɓe nauyin sake duba iyakoki, a tazarar da ba ta gaza shekara 10 ba, ya kuma ba ta ikon yin gyara bayan ƙidaya. Amma iyakokin da aka shiga zaɓen 1999 da su, da su aka yi na 2023. Rigar da aka ɗinka wa yaro ita ake tilasta wa magidanci.

Ba za mu yaudare ku ba, gyaran ba sauƙi gare shi ba. Tsarin Mulki ya ƙayyade kujeru 360, don haka ƙarin kujera sai an sake rabo ko an gyara dokar kanta. Kuma duk sauyin iyaka sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince. Shi ya sa muke bukatar wakili mai baki, ba ɗan ɗumama kujera ba.

DARASI BIYU

Na farko, 2019. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara baki ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Daga gwamna har 'yan majalisa, kujeru suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Darasi: ka tambayi kowane ɗan takara ta ina ya fito, ta ƙofa ko ta taga.

Na biyu, 2023. Zaɓen Sanatan Zamfara ta Tsakiya bai kammala a ranar farko ba, sai da aka koma wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu. Ranar nan manyan Abuja duk sun zuba ido suna jiran abin da 'yan rumfunan nan za su ce. Da yayyafi kogi kan cika.

ALKAWARINMU

Ɗan takararmu ya ɗauki alkawari uku a bainar jama'a:

1. Zai gabatar da ƙudurin sake duba iyakar mazaɓar Gusau da Tsafe, ya haɗa kai da wakilin Bunguɗu da Maru.

2. Zai buɗe ofis a Tsafe kamar yadda zai buɗe a Gusau, ya zaga kowace gundumar zaɓe ya ba da bayanin aikinsa.

3. Zai tsaya kai da fata don wanda aka kora daga ƙauyensa kada a kore shi daga rajistar zaɓe.

A ajiye wannan takarda a ƙarƙashin tabarma. In ya saɓa, a fito da ita a nuna masa.

NAKU AIKIN

Nemo katinka tun yau. In ka yi gudun hijira, je ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumarka lokacin rajista ka nemi a sauya maka rumfa. Magidanci, bar iyalinka su fita. Uwa, kada ki sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu. Samari, ba sara, ba suka, ba zagi. Ka dangwala wa alamar jam'iyyarmu, ka tsaya a ƙirga a gabanka.

Kujerar nan ta mai garma ce, ta mai shago ce, ta mai ƙosai ce. Taka ce. Fito ka karɓi abinka.

Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya ba mai gaskiya sa'a. Amin.