Likitan da Rediyo Ya Haifa, Talbijin Ya Gada

Shirin Young Doctor Malone ya fara fita a rediyon Amurka a shekarar 1939, minti goma sha biyar kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, yana ba da labarin Dakta Jerry Malone, likita a wani ƙaramin gari na ƙage mai suna Three Oaks, da matarsa Ann. Sunan likita ne kawai a gaba, amma ainihin hajar shirin ita ce rikicin aure, kishi da zaman dangi. Ciwo kan shigo ne idan labari ya fara sanyi. Ba abin mamaki ba ne, domin matan gida ake nufi da shi, waɗanda ke sauraro hannu na cikin ruwan wanke-wanke, kuma kamfanoni irin su Procter & Gamble mai sayar da sabulu ne ke ɗaukar nauyinsa. Daga irin wannan talla ne ma Amurkawa suka raɗa wa waɗannan shirye-shirye sunan wasan sabulu. A ƙarshen 1958 tashar NBC ta kai shirin talbijin, aka mayar da Dakta Malone likitan babban asibiti, ga ɗansa David shi ma likita. Na rediyon ya rufe a tashar CBS ranar 25 ga Nuwamba 1960, rana ɗaya da shirin Ma Perkins, na talbijin kuma ya bi sahu a Maris 1963. Bai yi ƙarko a allo ba, amma shi ya share fage: cikin 'yan kwanaki tashar ABC ta buɗe shirin General Hospital, ranar 1 ga Afrilu 1963.