Agogo Kaɗai Ba Ya Nuna Gwanin Gudu

Duk shekara idan an kammala gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, sai mu ji an fara yanke hukunci: wane ya gama mita 800 cikin minti 2 da sakan 15, lallai zai yi nisa, wance ta zo ta biyar, gara ta haƙura. Da yawa daga cikinmu irin wannan magana ce ta raba mu da fili tun muna aji uku.

Mu fara da filin kansa. Cikakken zagaye mita 400 ne, wato mita 800 zagaye biyu ke nan. Amma yawancin filayenmu da toka ko farar ƙasa ake shata su. Idan zagaye ya gaza da mita 10, mai gudu ya samu rangwamen mita 20, kusan sakan uku da rabi ga wanda ke yin minti 2 da sakan 20. Ga kuma agogon waya da malamin wasanni ke dannawa da hannu.

Sai batun girma. Ɗan shekara 14 da ya riga tsaransa balaga zai iya barin su a baya yau, bayan shekara biyu su kamo shi.

Ko a wajen manya haka abin yake. David Rudisha na Kenya yana ɗan shekara 17 ya lashe gasar matasa ta duniya a 2006 da 1:47.40. Bayan ya ƙara shekara shida yana atisaye, ya kafa sabon tarihin duniya na 1:40.91 a gasar Olamfik ta Landan a 2012. A wannan tseren, Nijel Amos na Botswana ya zo na biyu da 1:41.73 yana ɗan shekara 18 kacal. Wanda ya kalli shekarunsa a ranar zai rantse shi ne magajin Rudisha, amma bai sake yin gudun da ya fi wannan sauri ba.

To me za mu duba? Mu samu littafi mu riƙa rubuta lokacinmu a fili ɗaya, zango bayan zango, tare da yawan atisayen da muka yi. Wanda ya yi 2:25 ba tare da horo ba yana iya fin mai 2:15 da ya shekara yana fita kullum sauran abin bayarwa.

Mu kuma roƙi aboki ya ɗauki lokacin kowane zagaye daban. Rudisha ya yi zagayen farko cikin sakan 49.28, na biyu ya ɗara da sakan biyu da ɗoriya kawai. Idan naka na farko 62 ne, na biyu 80, ƙafa kana da ita, raba ƙarfi ne ba ka iya ba tukuna, kuma wannan ana koyonsa cikin zango guda.