Mas'alar Ƙwayoyin Da Ba Su Jin Magani A Cikin Yara Masu Lafiya

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wata mas'ala wadda likitocin duniya suka daɗe suna shawara a kanta, amma ba ta iso zaurukan malamai da rumfunan kasuwa yadda ya kamata ba, alhali kuwa rabin maganinta yana hannun mutanen waɗannan wurare biyu.

Mai karatu ya sani, a cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai waɗansu 'yan halittu ƙanana ƙwarai, ba su ƙidayuwa, ba a kuwa ganinsu sai da madubin likita. Su ake ce wa ƙwayoyin bakteriya. Mafi yawansu ba su cutarwa, har ma suna taimakon ciki wajen narkar da abinci. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira Ikolai, da wani likitan yara Bajamushe mai suna Escherich ya bayyana a 1885. Muddin tana zaune cikin hanji, galibi lafiya lau ake rabuwa da ita. Amma idan ta ɓace hanya ta shiga mafitsara, ko jini, ko jikin jinjiri sabon haihuwa, sai ta zama cuta mai iya kisa. A nan ne ake bukatar magungunan kashe ƙwayoyi, watau dangin fenisilin, da kafson nan ja da yalo, da Septrin, da Ampiclox, da allurai masu ƙarfi na asibiti.

To, abin da ya faru shi ne, waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan sun zama kamar 'yan tauri, wuƙar magani ba ta kama su. Yadda abin ke aukuwa kuwa ba wuya a gane shi. In yaro ya sha magani, ba ƙwayar da ta sa shi ciwo kaɗai zai taɓa ba, zai bi ta kan dukan mazauna hanji. Raunana su mutu, masu tauri su saura, fili ya zama nasu. Ƙwaya ɗaya kuwa, in ta sami wuri mai daɗi, tana rabuwa biyu cikin kamar minti 20. Abin mamaki kuma, ba gādo kaɗai ke yaɗa taurin ba. Ƙwaya takan miƙa wa maƙwabciyarta laƙanin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa laƙani guda yana ɗauke da kariyar magani uku ko huɗu. Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan magani kaɗan wanda bai isa ba zai koya wa ƙwayoyi jimrewa.

Da farko an zaci wannan ciwon asibiti ne kawai. Sai masu bincike suka fara duba bayan gidan yara waɗanda ke wasa a ƙofar gida, ba zazzaɓi ba gudawa. A ƙasashen Bolibiya da Feru na Amurka ta Kudu an duba yara masu lafiya 3,174, aka buga sakamakon a 2006: fiye da kashi 90 cikin 100 suna ɗauke da Ikolai wadda ba ta jin amfisilin, haka kuma Septrin da ja da yalo. A birnin Bangi na Afirka ta Tsakiya, rahoton 2016 ya nuna cikin yara masu lafiya 134 an sami 79 da irin ƙwayar da ke karya har allurai masu ƙarfi da asibiti ke dogara gare su. A Nijeriya kuwa, an bi ɗalibai masu lafiya a Ile-Ife daga 1986 zuwa 1998, aka ga rashin jin ja da yalo ya tashi daga kusan kashi 35 har ya kai 100 cikin 100.

Ƙasar Hausa ma ba ta kuɓuta ba. A Maradi an duba yara 55 da aka kwantar saboda tamowa, aka buga labarin a 2011. Tun ranar shigarsu an tarar 17 sun zo da ƙwayar mai karya allurai. Daga cikin waɗanda suka zo babu ita, an sake duba 16 ranar sallama, aka tarar 15 sun ɗauka. Waɗannan ba masu lafiya ba ne, amma labarinsu ya nuna hanyar: ƙwaya ta fito daga gari ta shiga asibiti, ta ƙaru a can, sa'an nan ta koma gari a cikin yaron da ya warke, ta tarar da 'yan'uwansa a bakin akushi ɗaya.

A nan akwai abin da ya wajaba a tsaya a kansa. Yaron da ke ɗauke da irin wannan ƙwaya ba majinyaci ba ne. Ba a ƙyamarsa, ba a raba shi da 'yan'uwa, ba a kuwa ba shi magani domin a wanke cikinsa, gama yin haka ƙara wa wuta itace ne. Sau da yawa ma ƙwayar takan ragu da kanta in an bar hanji ya huta. Haɗarin yana ranar da ta fita daga hanji, ko ta koma jikin jinjiri ko tsoho, aka kawo maganin da aka saba, ya ƙi ci. Sai a nemi na gaba da shi, wanda ya fi tsada, mai yiwuwa kuma babu shi a garin. Lissafin da aka buga a 2022 ya nuna a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya ta dalilin ƙwayoyin da ba su jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki hasara. Saboda haka a watan Satumba na 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki alkawarin rage mace-macen da ke da nasaba da wannan da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Amma mas'alar tana da fuska ta biyu, wadda mai adalci ba zai ɓoye ba. A jihar Doso ta Nijar, tare da Malawi da Tanzaniya, an gwada raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wani magani mai suna azitromaisin sau biyu a shekara, masu ciwo da marasa ciwo. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan Nijar da aka raba. Wani gwaji a Nijar da aka buga a 2024 ya sake samun raguwar kashi 14. Wannan rayuka ne na 'ya'yan mutane, ba abin wasa ba. Sai dai da aka duba hanjin yaran Doso bayan shekara 4, aka tarar alamun rashin jin wannan magani sun ninka na ƙauyukan da ba a raba ba fiye da sau 7. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce a yi rabon a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, a taƙaita shi ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, a kuma riƙa auna abin da ke biyo baya.

Abin da mai hankali zai fahimta daga nan shi ne, kowace ƙwayar magani da aka sha akwai farashinta, kuma jama'a duka ke biya. Maganin nan kamar rijiyar gari ne da rani: wanda ya ɗiba domin ceton rai ya yi daidai, wanda ya ɗiba ya zubar ya ci haƙƙin maƙwabta. Rabon da hukuma ke yi da awo da lissafi, ana ƙirga ribarsa da hasararsa, ba ɗaya yake da kafso uku da ake ƙulle wa mai mura a leda ba. Mura ba ta jin wannan magani, domin ba bakteriya ke kawo ta ba. Mafi yawan gudawar yara ma ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki take bukata, sai fa wadda ta zo da jini, ita kam a gaggauta zuwa asibiti.

Ga 'yan kasuwa, musamman masu kemis da masu tallan magani a faranti, uzurinsu sananne ne: talaka ya zo da kuɗin kafso huɗu, asibiti da nisa, in an hana shi zai wuce rumfa ta gaba. Duk da haka, sayar da rabin magani ga wanda ke zaton waraka ya saya abu ne da ya kamata mai tsoron Allah ya yi tunani a kansa, balle jabu ko wanda rana ta gasa har ƙarfinsa ya tafi, wannan kam algus ne. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi suna iya haɗa baki a kan kada a sayar da irin waɗannan sai da takardar ma'aikacin lafiya, domin abin da mutum ɗaya ba ya iyawa, layi guda yana iyawa. Haka masu kiwon kaji da fataken shanu da ke zuba magani a ruwan dabbobi ba tare da ciwo ba: kashin dabbar gona za shi, daga gona kuwa sai tukunya.

Ga malamai kuma, nasu rabon ya fi girma. Masu bincike sun tarar da waɗannan ƙwayoyi har a ƙauyuka masu nisa inda ba a cika shan magani ba, abin da ya nuna ƙazanta ce babbar dokinsu: daga bayan gida zuwa hannu, da ƙuda, da ruwa, zuwa baki. Babu kuwa wanda ke koya wa yaro tsarki tun yana ƙarami kamar malamin allo. Littattafan fikihu, irin su Ishmawi da Risala, sun bayyana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sāke ba yana tsarkakewa. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Amma ruwa yana iya halatta ga alwala, ya kasance bai dace da cikin jinjiri ba, gama ƙwayar nan ba ta sāke launi ko ɗanɗano. Saboda haka makarantar da ta haƙa salga nesa da rijiya, ta ajiye sabulu ko toka kusa da buta, ta hana almajirai goma wanke hannu cikin ƙwarya ɗaya, aka koma zuba wa kowa daga buta, ta kuma lura da tsabtar ruwan sha da na wanke allo, ta yi aikin da babu allurar da za ta yi shi. Yaron da bai yi gudawa ba, ba za a saya masa kafso ba.

Ga hukuma kuwa, nata shi ne ruwan famfo, da magudanai, da rigakafi, da ɗakin gwaji a asibitoci domin likita ya san ƙwayar da yake yaƙa kafin ya rubuta magani. In babu waɗannan, wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba.

Allah Ya sa wa abin da ya rage na waɗannan magunguna albarka, Ya raya yara cikin ƙoshin lafiya, Ya ba masu saye da masu sayarwa ikon riƙon amana, amin. Allah ne mafi sani.