Kafin ka kankare kwabon kaka, duba shekarar da kyau

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya ci karo da su: hoton kwabo mai huji a tafin hannu, a ƙasa an rubuta wai Turawa na saye da miliyoyi, musamman in lambar shekararsa ta hau kan wata. Daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha, samari na birkice akwatunan kakanni suna neman anini da sisi da sule. Neman ba laifi ba ne. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san abin da muke nema ba, ɗan damfara kuwa ya san ba mu sani ba.

Gaskiya ne akwai tsabar da shekara ta hau kan shekara, kuma masu tara tsoffin kuɗi na biyan ta da tsada. Ga yadda abin ke faruwa. A gidan buga kuɗi, hatimin ƙarfe ake sassaƙawa, shi ke danna zane a jikin dubban tsaba. Hatimin na da tsada, don haka in shekara ta juya, wani lokacin sai a buga sabuwar lamba a kan tsohuwar a ci gaba da aiki, burbushin ta ƙasan na leƙowa. Wani lokacin kuma lamba ɗaya ce aka buga sau biyu, hannun ma'aikaci ya goce. Sanannen misali shi ne tsabar senti goma ta Amurka ta 1942, wadda ake hango 1 a ƙarƙashin 2.

Riƙe wannan: kuskuren a jikin hatimi yake, ba a jikin tsaba ɗaya ba. Duk tsabar da ta fito daga hatimin nan za ta ɗauko tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Shi ya sa ake da kundin hotunansu, irin na shafin Numista. In naka bai yi daidai da wanda aka sani ba, kuma mai sayarwa na rantsuwa wai shi kaɗai ne a duniya, to ka ja baya.

Nemi madubin da ke ƙara girma sau goma, irin na masu gyaran agogo, ka duba a hasken rana. Lambar asali tudu take yi, santsinta da launinta ɗaya da sauran rubutun. Wadda aka taɓa da hannu kuwa za ka ga ƙarce a gefenta, ko ɗan kwarmi inda aka kankare ƙarfe, ko tazarar lambobin ta baci. A Amurka an daɗe ana shafe 4 na farko a senti ɗaya na 1944 ya koma 1914 mai tsada, amma gibin da ke tsakanin 9 da 1 ke tona asiri. In ana yi musu haka a can, me zai hana a yi maka a Kasuwar Monday?

Sai batun tsufa, inda aka fi cin mutane. Kwabo mai tauraro da rubutun Larabci ya fara fitowa a 1907, kuma miliyoyi aka buga har zuwa shekarun 1950. Ko na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga mulki a watan Disambar shekarar, da yawa aka buga shi, duk da labarinsa na da daɗin ji. Azurfar Maria Theresa da fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa ma, 1780 ake ta rubutawa a jikinta ko da an buga ta bayan shekara ɗari. Ƙananan haruffan da za ka gani, H ko KN, ba sirri ba ne: alamar kamfanonin Birmingham ce da suka buga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu goge tsaba da lemun tsami da toka don ta yi ƙyalli a hoto. Haba! Wannan dattin da kake kankarewa, tare da shi kake share hujjar da mai saye na gaske zai duba, farashin kuma ya faɗi.

Shi mai saye na gaske ba ya cewa ka fara turo kuɗin rajista ko na gwaji ta WhatsApp. Zai nemi hoto mai kyau na gaba da baya, da nauyin tsabar a sikelin maƙeran zinariya, wataƙila ya ce sai kamfani irin NGC ko PCGS ya tantance. Kafin nan, naɗe kowace tsaba daban a takarda, ka tambayi kaka abin da sule ɗaya ke saye kafin naira ta zo a 1973.