Aikin Babbar Jijiya Sai Inda Hannu Ya Saba

Akwai wata cuta da ke kama dattijo bai sani ba, watau kumburin babbar jijiyar jini wadda ta taso daga zuciya ta gangara ta cikin ciki. Kaurinta a jikin mai lafiya bai kai inci 1 ba. Tsufa da shan taba da hawan jini ke cin bangonta, ta yi ta buɗewa kamar tsohuwar salka, ba zafi ba zazzaɓi, har ranar da za ta fashe. In ta fashe kuwa, cikin mutum 10 wajen 8 ba su tashi. Ita ce ta yi ajalin shahararren masanin nan Albert Einstein a Amurka cikin 1955.

Tun dā an san haɗarin irin wannan kumburi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi kashedi a littafinsa At-Tasrif a kan tsaga kumburin jijiya. Saboda haka wanzamin da ya ji wani kulluɓutu na harbawa wajen cibiya, kada ya kusance shi da aska ko ƙarfen sakiya.

Magani ya samu. A 1951 likita Dubost ya yanke kumburin a birnin Faris ya dasa wata jijiya, mai cutar ya rayu. A 1990 likita Parodi na Ajantina ya zura bututu ta jijiyar cinya ba tare da farke ciki ba. Yau likitoci kan yi aikin idan kumburin ya haura inci 2, kafin ya fashe.

To, amma ga inda maganar take. An daɗe da gano cewa asibitin da ke yin wannan aiki sau da yawa a shekara, mutanensa sun fi tashi bisa ga wanda ke yinsa jifa-jifa. Gwanintar mai wuƙa kaɗai ba ta isa ba: sai da mai sa barci wanda ya saba, da jini a ajiye, da masu jinya da za su lura tsakar dare cewa fitsari ya ɗauke. A Ingila rahoton 2008 ya nuna fiye da 7 cikin 100 na mutuwa a wannan aiki. Aka tattara shi a manyan asibitoci ƙalilan, aka gyara tsari, rahoton 2012 ya nuna bai kai 3 ba. Fatake ba su bukatar dogon bayani a nan, gama babu mai ba da dukiyarsa ga madugun da sau ɗaya ya taɓa bin hanya.

Don haka in mutanen Boɗinga da Shagari za su roƙi hukuma, kada su roƙi a kawo musu wannan aiki ƙofar gida, ko da yake roƙon na da daɗin ji. Abin da ya cancanci asibitocinsu shi ne awon jini, da na'urar hoton ciki wadda ake duba masu juna biyu da ita, domin ita ce ke nuna kumburin cikin minti kaɗan, kana da mota mai mai a ciki. A Ingila duk namijin da ya kai shekara 65 ana kiransa a yi masa wannan hoto. Shi kuwa aikin, a tara ƙwararrunsa da kayansa wuri guda, kuma babu inda ya fi dacewa sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tun da hanyar Shagari ta Boɗinga ta biyo ta shiga birni.

Saura malamai. Dattijo ya fi jin maganar limaminsa bisa ga ta ma'aikacin asibiti, kuma malamai sun fi kowa sanin neman magani ba ya karya tawakkali. Su faɗa a wurin karatu: wanda ya wuce 60, ya taɓa shan taba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta, ya tafi a duba shi tun yana tafiya da ƙafarsa. In an sa ranar aiki, 'ya'yansa su bi shi su ba da jini.